Na Yi wa Ramlatu Alkawarin Teku

Jama'a, wannan wurin shi na fi jin nauyin ba ku labarinsa. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, don haka in kun ga ina kewaye-kewaye ku yi haƙuri da ni, ko a baki haka nake.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabi'u, direban Alhaji Mahmuda mai sayen gyaɗa a Dutsin-Ma. Wadda nake nema kuwa Ramlatu ce, ɗiyar Malam Hudu na Tamawa, can ƙasar Kurfi. Manya sun riga sun gana, an sa rana bayan Babbar Sallah ta shekarar 1963. Babu abin da ya rage sai jira. Da na iya jiran da bakina a rufe, da yau ba ni da abin ba ku labari.

Saura mako guda a kama azumi, Alhaji ya dawo daga Kano da wata takarda mai hotuna, wani Kwara, Balarabe abokin cinikinsa, ya ba shi. Ina wanke mota a ƙofar gida ya yafuto ni.

"Sabi'u, ajiye tsumman nan ka zo ka ga inda za mu huta gajiyar kaka."

Na goge hannu a wando na tsuguna. Ya buɗe takardar a kan gwiwarsa yana nuna min da yatsa. Ga giwaye sun jeru a bakin rafi. Ga ɓauna, ga gwanki. Ga wasu ɗakuna zagayayyu masu rufin ciyawa, amma a ciki gadon ƙarfe ne da gidan sauro fari tas. Ya ce wurin sunansa Yankari, a ƙasar Bauci, gwamnati ta keɓe dajin ta hana harbi, har akwai wani marmaro da ruwansa ke fitowa da ɗumi, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka. Ya juya bayan takardar, sai ga wani ruwa shuɗi da ba shi da ɗaya gefen.

"Kwana huɗu a daji, daga nan mu gangara Ikko. Kwana bakwai a otel mai bene, taga tana kallon teku, fanka tana juyawa a bisa kanka. Litinin ta uku bayan Ƙaramar Sallah za mu tashi. Ka sa a duba tayoyi, ka nemo igiya mai ƙwari ta ɗaure kaya."

Na san matsayina a tafiyar, kada ku ce ban sani ba. Nawa shi ne sitiyari, in an isa in sauke akwatuna, in shimfiɗa tabarma kusa da mota. Duk da haka ranar ko tuwo ban iya gamawa ba don murna.

Ran Lahadi na ɗauki takardar daga aljihun mota ba tare da na tambaya ba. Na goge farar taguwata da dutsen gawayi, na kafa hula ƙube, ni da abokina Rabo mai gyaran keke muka hau kekuna sai Tamawa. Da la'asar sakaliya muka isa. Rabo ya koma gefe wajen masu dara, ni kuma na zauna a dakalin ƙofar gida ina jira.

Ramlatu ta fito da zanen saƙi baƙi mai ratsin ja, ta yafa wani a ka, idon nan ya sha kwalli, tana riƙe da ƙwaryar fura da ludayi a kai. Ta durƙusa ta ajiye.

"Direba, an zo lahiya? Yau kuma mi ke cikin aljihun, na ga sai dafa shi kake kamar za ya gudu?"

Na miƙa mata. Ta daɗe a kan giwayen tana dariya, wai kunnensu kamar faifai. Da ta juyo wajen ruwan sai dariyar ta tsaya.

"Ina ƙarshensa?"

"Ba shi da ƙarshe. Alhaji ya ce jirgi sai ya yi sati biyu a kai bai ga ƙasa ba."

"Ni ruwan da ya fi girma da na taɓa gani shi ne tafkin bayan gari da damina." Ta shafa hoton da ɗan yatsanta a hankali. "Kai ka ji daɗi, Direba. Mu kam iyakarmu kasuwar Kurfi."

Ban taɓa jin muryarta ta yi sanyi haka ba. Ramlatu mai tsiwa ce, kullum ita ke tsokanata ina sunkuyar da kai. Sai na ji ina son in zama mutumin da zai iya ba ta abin nan da take shafawa. Bakina ya riga hankalina.

"Ai da an ɗaura kafin lokacin, da ke za mu tahi. Alhaji da kansa ya ce akwai kujerar matata."

Alhaji bai ce ba. Bai ma san sunanta ba. Na faɗa ne don na san ranar aurenmu tana can bayan tafiyar da wata biyu, na ɗauka magana ce da za ta bi iska, ta yi murmushi, in koma gida da murmushin. Ta kuwa yi. Ta naɗe takardar ta soke a bakin zane, ban iya cewa ta ba ni ba.

Kwana huɗu da kama azumi Rabo ya dawo daga cin kasuwar Kurfi da ƴar wasiƙa a cikin hularsa. Ramlatu ce ta rubuta da ajami, da tawadar gidansu:

"Gaisuwa mai yawa. Na nuna wa Iya, Iya ta gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Malam. Malam yana neman ka ran Alhamis da hantsi. Kada ka sa taguwar nan mai ɓallallen maɓalli."

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce, to mene ne, ka je ka faɗi gaskiya mana. Bari in gaya muku yadda ake yi. Mai neman aure ba ya magana a gaban uban yarinya. Tun daga nesa za ka tuɓe takalmi, ka tsuguna a bakin ƙofar zaure, kanka a ƙasa. Abokinka shi ne bakinka. In an yi maka magana ka ce "to", in an yi addu'a ka ce "amin". Wanda ya ɗaga kai ya ja zance da surukinsa, gari duka zai ce ba shi da kunya, ba a ba irinsa ɗiya. Shekara ɗaya da rabi ina zuwa gidan, ban san kalar idon Malam Hudu ba.

Muka same shi a kan buzunsa, littattafai a gefe cikin gafaka. Ni ƙafafunsa kawai nake gani da bakin farar rigarsa. Bayan sun gaisa da Rabo, sai ya gyara murya.

"Na ji labarin tahiyar da maigidanku zai yi, da karamcin da ya yi na ba iyalin yaron nan wuri. Allah ya saka mashi. Ni ina saurayi na ɗaura niyyar tahiya gabas a ƙasa, in ga Bahar Maliya da idona. Ban wuce Borno ba aka aiko mahaifina ba lahiya, na juyo. Har yau ban ga teku ba, kuma ga alama ba zan gani ba."

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Ban ga dalilin da wata biyu za su hana yarinya ganin ikon Allah ba. Na aika wa kawunka, mun daidaita. An dawo da rana, Juma'a ta biyu bayan Sallah. Ta tare ran Asabar, Litinin ku kama hanya da mijinta a gefenta."

Rabo bai san komai ba, sai godiya yake zubawa. Ni kuwa maganar tana nan a maƙogwarona, na rantse muku tana nan. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne abin da aka koya min tun ina yaro.

"To."

A hanyar komawa, wajen wata tsamiya, na gaya wa Rabo. Saura kaɗan ya faɗa kwalbati.

"Kai, Sabi'u! Kujerar wa? Ta bisa taya? Ka bar ni ina ta zuba godiya kamar maroƙi!"

"Ban san yadda zan yi ba."

"Bari in koma in ce Alhaji ya ɗaga tahiyar."

"Ranar Litinin ɗin kuma a ga motarsa ta wuce da kaya a sama? A'a, Rabo. Guda ɗaya ma ta ishe ni."

Na hana shi ƙara wata ƙaryar, amma ban gyara ta farkon ba. Haka na yi azumin nan duka. Kullum in na kai goshi ƙasa sai in ce gobe, in gari ya waye in ce jibi. Ina duba tayoyi, ina ɗaure igiya, ina tambayar direbobin manyan motoci hanyar Jos da gadar Jaba, ina zana garuruwan a bayan kwalin sukari, kamar mutumin kirki.

Kashegarin Sallah na je gaisuwa. Iya Yahanasu, kakar Ramlatu, ita ta tare ni a soron ciki. Ita kaɗai ce cikin manyan gidan nake iya haɗa ido da ita, don tsakaninmu wasa ne.

"Ga mijina, ga mijina! Ashe haka za ka yi mani? Ka ɗauki wannan ƙazamar da ba ta iya dama fura ba ka kai ta teku, ni uwargida ka bar ni da awaki?"

"Iya, ke ai giwa za ta gan ki ta gudu."

"Ja'iri. Zo ka ga aikinka."

Ta jawo wani kwando daga bayan ƙofa. Kwalabe ne cike, na man gyaɗa da na turare da na magani, an wanke su tas, kowace an ɗaura mata ƙyalle kala daban a wuya.

"Mai jan ƙyalle ta matar liman ce, ruwan teku take so don ciwon ƙafa. Mai shuɗi ta gidan Sarkin Noma. Wannan buhun kuma kashin giwa za ku ciko muna, busasshe, na hayaƙin yara masu firgita. Kada ka kawo mani na jaki ka ce na giwa ne, na san shi, na taɓa gani wajen wani maharbi."

Na yi dariyar dole. Ta ce Innar Ramlatu ta kwana biyu tana dakan dakuwa, an yanka akuya an yi dambun nama na guzuri. Kawunta ya sayo mata akwatin ƙarfe mai zanen furanni. Ita kuma Ramlatu tana bin gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya tana ban kwana da neman gafara, yadda mai tafiya nesa yake yi, tsofaffi suna dafa kanta suna kuka.

Wannan ne ya tura ni gaban Alhaji. Na same shi da safe yana shan shayi a rumfa, na tsuguna na faɗa masa komai, ina kallon takalminsa. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Sabi'u shiru-shiru, ashe kai ma kana da baki! To lissafa da kanka. Ni a gaba. Baya Hajiya da jariri, da ƙanena da matarsa. Ina kujerar?"

"Babu, ranka ya daɗe."

Ya kurɓi shayi yana dubana. Alhaji ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka.

"Tsaya. Hajiya tana neman wadda za ta riƙe mata yaro a hanya, ta yi wanki da ɗauraye kwanuka. Matarka ta zo a haka. Sai a gyara mata wuri can baya wajen akwatuna. A otel akwai ɗakin masu aiki a ƙasa, mata daban maza daban. Ka ga ta ga tekun, kai kuma ka fita kunya."

Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi ƙona min rai. Na ji daɗi. Na yi godiya har goshina ya kusa taɓa ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, ba sai kowa ya sani ba, in mun bar gari na lallashe ta a hanya.

Da azahar Hajiya Saudatu ta aiko a kira ni ƙofar ɗakinta. Ta miƙo min ƙullin tsofaffin zannuwa biyu da wata tasa mai ɓallallen baki.

"Ka kai mata ta riƙa ɗaurawa, kada ta ɓata na amarci da kashin yaro. Ka ce mata da asuba nake son ruwan zafi."

Na fito da ƙullin a hannu na tsaya a bayan mota. Zannuwan sun koɗe, suna warin sabulun wanki. A garinmu amarya ko tsintsiya ba ta ɗauka sai ta yi kwana bakwai, ƙawaye ke yi mata komai. Ni kuma kwana biyu da tarewa zan cusa ɗiyar Malam Hudu tsakanin akwatuna, ta buɗe akwatinta mai furanni a ɗakin masu aiki, ba tare da ta san da haka ta baro gida ba. Na zauna a ƙasa na jingina da taya. Ban san na daɗe ba sai da inuwar motar ta bar ni.

Ran Talata na hau keke ni kaɗai, ban gaya wa Rabo ba. Laraba za a sa ta a lalle, daga nan ba mai ganinta sai a ɗakina. Na isa rana ta yi sanyi. Daga cikin gida ana jin daka da guɗa.

Ta fito da sabuwar atamfa kore mai ganye-ganye, an yi mata kitso ƙanana, fuskar nan kamar an wanke ta da madara.

"Direba, ba a hana ka zuwa ba? In Iya ta gan ka sai ka biya tara. Ina Rabo?"

"Ramlatu, zauna. Magana na zo da ita."

Ban iya tsara ta ba. Na fara daga tsakiya, na koma farko, na faɗi zancen kujera, na faɗi zancen wanki da ɗakin ƙasa, har godiyar da na yi wa Alhaji ban ɓoye ba. Na kwance ƙullin daga bayan keke na ajiye a gabanta don ta gani da idonta.

Ta ɗaga zane ɗaya da yatsu biyu, ta duba, ta mayar. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi.

"Tun ran da ka kawo takardar ka san babu?"

"Na sani."

"Ran da Malam ya kira ka fa?"

"Na sani."

"Azumi talatin, Sabi'u."

Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar. Na ji shi kamar mari.

"Wankin ba shi ya dame ni ba, na wanke na ƙannena biyar. Gida goma sha ɗaya na shiga na durƙusa na nemi gafara. Gwaggona ta Rawayau ta taho a ƙasa don ta sa mani albarka. Malam, da ba ya faɗin abin gidansa, ya tsaya a masallaci ya ce a yi wa ɗiyarsa addu'a za ta ga abin da bai gani ba. Ni ka bar ni, shi mi ya yi maka?"

"Ki gaya min abin da zan yi. Ko mene ne."

"Yana zaure. Ka shiga ka gaya mashi."

"Bari in koma in zo da Rabo gobe da sassafe, ko kawuna ya..."

"In Rabo ya faɗa, to Rabo ne namijin, shi za a ba. Kai kaɗai, da bakinka."

"Ramlatu, kin san ba a yi."

"Ƙarya ma ba a yi, ka yi."

Ta tashi ta shige, ta bar min ƙullin a ƙasa.

Tsakanin dakalin da ƙofar zauren bai fi taku goma ba, amma na fi jin nisansa a kan hanyar Kano. Na tuɓe takalmi. Na yi sallama. Malam yana fiƙe alƙalamin kara da ƴar wuƙa. Ya amsa, ya jira ya ji sallamar abokina, bai ji ba.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Allah gafarta Malam."

Na faɗa. Wannan karon daga farko na fara, ban tsallake komai ba. Ina magana ina kallon ɓawon karan da ke zuba a kan buzu, har na ga ya daina zuba.

"Ɗago kanka."

Na ɗago. Ashe idanunsa ƙanana ne, farare, irin na Ramlatu sak. Babu fushi a ciki, kuma wallahi na so a ce akwai.

"Shekara ɗaya da rabi kana tsugunawa a ƙofar nan ina yabon kunyarka. Yau na fara jin muryarka, kuma ga abin da ta zo da shi." Ya ajiye wuƙar. Ya ɗaga murya wajen ƙofar cikin gida. "A dakata da dakan nan. A turo mani Ramlatu."

Taɓarya ta tsaya. Gidan ya yi tsit. Na ji takunta har ta durƙusa a bayan asabari, inuwarta kawai nake gani.

"Kin san abin da ya kawo shi?"

"Na sani, Malam."

"Ni na dawo da ranar nan ba tare da na bincika ba, wannan laifina ne. Yanzu ke zan tambaya, kuma abin da kika ce shi za a yi. Ran Juma'a, a ɗaura ko a fasa?"

Na ji akuya tana kuka a bayan gida, na ji wani yana jan guga a rijiya.

"A ɗaura," ta ce. "Amma motar ba zan shige ta ba, ko a gaba ko a baya. Kuma ba ni zan bi gari ina ba da haƙuri ba, ba kuma kai ba, Malam. Inda ka tsaya ka nemi addu'a, nan za ya tsaya ya gaya masu abin da ya gaya maka. In ya yi, a sa ni a lalle gobe. In bai iya ba, ya hau kekensa."

Malam bai ce ta yi tsanani ba, bai kuma dube ni ya tambayi ko na yarda ba. Ya mayar da alƙalamin cikin gafaka, ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki butarsa. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya, ina jin mutanen Tamawa suna fitowa daga gidaje, suna gaisawa a hanyar masallaci.

"To, tashi ka yi alwala," ya ce. "Sahun gaba za ka tsaya, kusa da ni, inda kowa zai ji ka."